Yankan filaye da izinin gini a Maraɗi: aikin da ya kamata ya riga tushen gida

Titunan tsakiyar Maraɗi a miƙe suke, suna gitta juna a tsare, kuma masu faɗi ne idan aka kwatanta da lungunan tsoffin biranen ƙasar Hausa. Ambaliya ce ta jawo wannan tsari. A shekarar 1945 Gulbi ya cika ya ci tsohon garin da Katsinawa suka zauna a cikin fadama bayan jihadi, sai hukumar mulkin mallaka ta hau da jama'a kan tudu, aka ja layukan hanyoyi tukuna sannan aka raba wa mutane wuraren gini. Ko me za a ce game da manufar Turawa, a wannan aikin hanya ce ta riga gida, kuma har yau unguwannin da aka zana a lokacin suna cin moriyar hakan. A ganina babbar matsalar garinmu a yanzu ita ce an juya wannan jeri: gida ke fara tsayawa, sannan a dawo ana neman inda mota za ta bi da inda ruwa zai wuce.

Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da 267,000 a cikin birnin, kuma tun daga lokacin garin bai daina faɗaɗa ba. Ta yamma Gulbi ya tare shi, saboda haka sai yake miƙewa ta sauran kusurwoyin, yana cin gonakin gero na ƙauyukan da ke kewaye, ta wajen hanyar Tibiri da hanyar Zinder da kuma wadda ta nufi Ɗan Isa. Buɗe jami'a a 2010 ya ƙara buƙatar ɗakunan haya, kasuwanci da Najeriya kuma ya ƙara buƙatar sito da wurin tsayawar manyan motoci.

A kan takarda an san mai alhakin kula da wannan duka. Dokokin ƙananan hukumomi na 2010 sun sa Maraɗi cikin birane huɗu masu matsayi na musamman, tare da Yamai da Zinder da Tawa, aka kuma kasa ta gundumomi uku a ƙarƙashin ma'aikatar magajin gari. Tun watan Afrilun 2024, lokacin da aka rusa zaɓaɓɓun majalisu a faɗin ƙasa, kantomomi ne ke riƙe da wannan aiki. Sai dai a bakin gari, inda unguwa ke ƙarewa gona ta fara, akwai wani ikon da ya girmi ofis: gonar gado ce, mai unguwa ko mai gari ne shaidar ciniki, kuma dokar karkara ta 1993 ta amince da mallakar gargajiya. A daidai wannan iyaka ake samun yawancin rigingimun filaye, domin magada suna iya yanka gonarsu su sayar da takardar hannu tun kafin masu awo su iso, wanda ya saya kuma ya yi sauri ya tayar da katanga don kada wani ya riga shi.

Yadda ya kamata yankan filaye ya gudana ba ɓoyayyen abu ba ne. Hukuma ta karɓi gona, ta biya masu ita diyya, wadda sau da yawa wani kaso ne na filayen da aka yanka, masu awo su fitar da taswira mai hanyoyi da magudanan ruwa, a ware wurin makaranta da asibiti da kasuwa da maƙabarta, a kafa turakun iyaka, sannan a sayar wa jama'a da takarda. Inda gizo ke saƙa shi ne, sayar da fegi na daga cikin hanyoyi mafi sauƙi da ƙaramar hukuma ke samun kuɗi a dunƙule, alhali haƙa magudana da shimfiɗa titi kashe kuɗi ne zalla. Duk hukumar da albashin ma'aikata ya matsa mata, to za ta so ta yanka sabbin filaye fiye da ta koma ta gyara waɗanda ta riga ta sayar. Ita kanta gwamnatin ƙasa ta taɓa biyan ma'aikatanta bashin albashi da filaye a farkon shekarun 2000, abin da ya ƙara koya wa kowa kallon fili a matsayin kuɗi. Ga ɗan kasuwar Maraɗi kuwa fegi ajiya ne da ba ya ruɓewa, kuma faɗuwar naira ba ta taɓa shi. Shi ya sa mutum zai yi tafiya mai nisa a sababbin unguwanni yana wuce katangu da ba kowa a cikinsu, yayin da talakan da ke son zama da iyalinsa ya koma can gaba, inda bututun ruwa da wayar lantarki ba su kai ba. Filayen da aka ware domin amfanin jama'a su ne suka fi shiga haɗari, saboda ba su da mai su da zai tsaya ya yi rigima a kansu. Shekara goma bayan yanka, idan yaran unguwa sun isa shiga makaranta, sai a tarar an gutsure wurin kaɗan-kaɗan.

Ruwan sama ne ke fallasa wannan sakaci. Ƙasar Maraɗi rairayi ce, tudun kuma ya karkata zuwa Gulbi, saboda haka duk rufin kwano da duk tsakar gidan da aka dabe da siminti a sama yana ƙara yawan ruwan da zai gangara kan tsoffin unguwanni irin su Bagalam da Mokoyo, yana kuma zurfafa kwazazzaban da ke cin bakin gari. A ƙarshen watan Agustan 2024 an yi ruwa kimanin milimita 150 cikin ƙasa da sa'o'i biyu, gidaje suka rushe, aƙalla mutum 15 suka rasu, Allah ya jiƙan su. Babu magudanar da za ta ɗauke irin wannan ruwa gaba ɗaya, wannan gaskiya ne. Amma gidan da aka gina a kan hanyar ruwa, da magudanar da aka toshe da leda ko aka ɗora shago a kanta, waɗannan abubuwa ne da ido ke gani tun cikin rani.

A nan ne izinin gini ya kamata ya yi aiki, kuma a nan ne yake da rauni. Yawancin mutanen garin nan ba sa gina gida a tashi ɗaya. Bana a buga bulo, baɗi a tayar da ɗaki biyu, bayan wasu shekaru a ƙara zaure, kuma magini ne kaɗai injiniyan aikin. Idan aka ce sai wannan mutum ya kawo zanen ƙwararre da tarin takardu kamar mai gina bene, to an tura shi ne ya yi gini a ɓoye. Abin da zai fi amfani shi ne a raba izinin kashi biyu. Ga gidan zama na ƙasa, ya isa ma'aikaci ya je wurin sau ɗaya kafin a haƙa tushe, ya tabbatar da turakun iyaka, ya nuna tsayin da za a ɗaga ƙasan ɗaki, ya kuma duba inda za a haƙa masai da inda ruwan gida zai fita, a kan kuɗi kaɗan da aka rubuta a fili kowa ya sani. Bene da gidan mai da makaranta da babban sito kuwa, su ne suka cancanci tsanani, domin kuskure a cikinsu yana shafar rayukan waɗanda ba su da hannu a ginin. Jan fenti da ake shafawa a bango bayan an kai linta ba sa ido ba ne, shaida ce kawai cewa an makara.

Batun kasuwanci ya fi wuya, domin Maraɗi da ciniki ta rayu, tun zamanin gyaɗa har zuwa yau. Ba wanda zai so a hana mutum fasa katangar gidansa ya buɗe kanti, kuma tsarin da ke raba unguwar zama da unguwar sana'a gaba ɗaya bai dace da rayuwarmu ba. Amma akwai bambanci tsakanin tela ko mai shayi da mai walda, ko mai tara jarkokin fetur a gidan da yara ke kwana. Sana'o'in da ke da wuta da hayaƙi da ƙara su ne ya kamata a ware wa wuri na kansu mai lantarki da hanya, tun a cikin taswirar yankan fili. Haka nan akwai rashin daidaito idan ana yanka wa mai rumfa tikiti kullum a bakin titi, sannan wata rana a zo a ce zamansa a wurin haram ne. Karɓar kuɗin da kansa wani irin amincewa ne. Ayyukan ƙawata gari na 2015, waɗanda aka kira Maraɗi Kwalliya, sun gyara manyan tituna, amma ɗan tebur yana bin ƙafar masu saye ne, kuma idan aka tashe shi ba tare da an ba shi wurin da jama'a ke bi ba, zai dawo bayan mako biyu.

Gwaji na gaba shi ne layin dogo mai tsawon kilomita 284 da zai taso daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairun 2021. Ko yaushe jirgin ya iso, farashin gonakin da ke kusa da tashar zai riga shi tashi, kuma masu labarin cikin gida su ne za su fara saye. Ya kamata tun yanzu a fitar da taswirar wannan yanki, a nuna hanyar manyan motoci da wurin sito da mafitar ruwa, a liƙa ta a ofisoshin gundumomi uku da ƙofar masu unguwanni, a kuma yi bayaninta da Hausa a gidajen rediyon gari, domin manomin da za a zo taya gonarsa ya san abin da aka shirya yi a kanta kafin ya karɓi kuɗi.