Abin da ka kwafa ɗazu, yana ina yanzu?

Sana'ata buga takardu ce. Shagona yana Bukoki, nan Yamai: kwamfuta uku, firinta, injin fotokopi, da benci na masu jira. Yawancin aikin da ke shigo mini na ɗalibai ne, da masu haɗa dosiyen konkur, da masu neman biza. Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san yatsun hagu ne ke ciyar da mu, Ctrl da C a kwafa, Ctrl da V a liƙa. Suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, lambar fasfo ɗaya, sai ka cika su a wuri shida kafin fom ya yarda da kai.

Saboda haka ba ni da ƙiyayya da manhajar da ke riƙe tarihin kwafi. A kwamfutar da nake zama kanta ni kaɗai, a kunne take. Tun sabuntawar Oktoban 2018 Windows 10 ya zo da ita: ka danna maɓallin Windows da V, sai jerin abubuwan da ka kwafa ya fito, har guda 25, ka zaɓi wanda kake so. Ranar da layi ya kai bakin ƙofa, wannan ɗan jeri shi ke sa in sallami mutane kafin la'asar. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya ce wanda bai san daɗin abu ba ne yake kushe shi.

Gardamar ko a sa irin wannan tarihi a kunne tun daga farko ta taso ne tsakanina da ɗan yayata, wanda ke karatun kwamfuta a Jami'ar Abdou Moumouni, can hayin gulbi. Shi ya kawo mini Tails a kan ƴar kile ta USB. Ga wanda bai san shi ba, Tails tsarin tafiyar da kwamfuta ne da aka gina kan Debian, wani nau'in Linux, ya fara fitowa a 2009. Daga kilen yake tashi, duk abin da za ka yi a intanet ta hanyar Tor yake bi, wato hanyar da ke ɓoye inda kake da inda ka leƙa, kuma da ka kashe injin ya manta da komai, sai abin da kai da kanka ka ce a ajiye a ɓangaren da aka kulle da kalmar sirri. A 2024 masu shi suka haɗe da ƙungiyar Tor. Ƴan jarida da masu kare haƙƙin jama'a sun daɗe da saninsa. Ni kuwa abin da ya ja ni gare shi mai sauƙi ne: akwai abokan cinikin da ke zuwa da takardar gado ko ta asibiti, kuma ba na son ragowar takardar ta kwana a injina.

Yaron ya yi aiki da shi kaɗan, ya fara ƙorafi. Ya kwafa abu, ya kwafa na biyu, na farko ya tafi. Ya ce, "Kawu, wannan ai koma baya ne. KDE na Linux ma da Klipper, manhajarsa ta tarihin kwafi, yake zuwa, ba sai ka nema ba. Tunda Tails yana goge komai in an kashe, mene ne laifin a sa tarihin kwafi tun daga farko?"

Tambaya ce mai kyau, shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Amsata ita ce a'a, kada a sa.

Allon kwafi na asali, wato inda injin ke riƙe abin da ka kwafa kafin ka liƙa, kamar allon makarantar allo yake: a rubuta, a wanke, a rubuta sabo. Abu ɗaya kawai yake ɗauka. Wannan mantuwar tasa ita ce kariyar da yake da ita, ba shi da wata. Ka kwafa kalmar sirri, ka liƙa, ka kwafa adireshi, kalmar sirrin ta shafe ba tare da ka yi tunaninta ba. Da zarar an sa tarihi, aikin gogewa ya dawo wuyanka, kuma mutum mai gaggawa ba ya tuna gogewa.

Batun cewa komai yana gogewa in an kashe injin gaskiya ne, amma tsakanin kunnawa da kashewa akwai yini guda. Waɗanda ke tsara irin waɗannan abubuwa sau da yawa suna hango mutum ɗaya da kwamfutarsa a ɗaki, ƙofa a rufe. Mu nan ba haka muke ba. Kwamfuta ɗaya a gida ta uba ce, ta ƙani ce, ta maƙwabcin da zai duba sakamakon jarrabawa ce. A shago, mutum ya tashi wani ya zauna kujerar tana da ɗumi. An kira azahar, ka fita alwala, ka bar allo a buɗe don za ka dawo yanzu. Wanda nake tsoro ba wani gwanin kutse ba ne a wata ƙasa. Wanda zai zauna bayanka ne, ya danna maɓalli biyu, ya ga lambar fasfonka, da kod ɗin kuɗin da aka turo maka daga Agadas, da kalmar sirrin imel ɗin da wata Hajiya ta miƙo mini a rubuce a takarda ta ce, "Malam, sa mini, ni ba na gani sosai." Ba sai yana da mugun nufi ba. Ido ba ya neman izini.

Akwai kuma wata ɓarna da ba ta fito fili. Manhajojin ajiye kalmomin sirri, irin su KeePassXC, suna goge allon kwafi da kansu. Ita KeePassXC bayan daƙiƙa 10 take yi in ba ka sauya ba. To mai riƙe tarihi aikinsa ke nan ya cafke abu tun a daƙiƙar farko. An samo dabara, manhajar kan sa wa abin da ta kwafa wata alama mai cewa wannan sirri ne, kar a ajiye, kuma Klipper yana girmama alamar. Sai dai wannan yarjejeniya ce tsakanin manhajoji biyu. In ɗaya bai san alamar ba, shi ke nan. Kuma kalmar sirrin da ka kwafo daga saƙo, ko daga wata takarda, ba ta ɗauke da alamar komai. A wurin injin, ita da "barka da sallah" duk rubutu ne.

Dubi inda manyan kamfanonin waya suka dosa. A 2020 wasu masu bincike biyu, Talal Haj Bakry da Tommy Mysk, suka nuna manhajoji sama da 50 na iPhone suna karanta allon kwafi ba tare da an tambaye su ba. Da iOS 14, tsarin iPhone, ya fara fito da sanarwa duk lokacin da aka leƙa, asiri ya tonu a idon kowa. TikTok ya ce dabarar hana saƙonnin banza ce, ya kuma ce zai cire. Android 10 ya hana manhajar da ke bayan fage taɓa allon, Android 12 ya fara sanar da kai wanda ya karanta, Android 13 kuma yana goge shi da kansa bayan awa ɗaya. Duk mataki na rage masu leƙa abin da aka kwafa ne, ko na rage tsawon ransa. Shi kansa Microsoft a kashe ya bar nasa tarihin, sai ka kunna da hannunka. To tsarin da ya ce sirri ne tutarsa, yaya za a yi ya fi Windows sakaci?

Qubes OS, wani tsarin kwamfuta mai fifita tsaro, ma ya wuce nan. Kowane aiki a ɗakinsa yake, kuma in za ka ɗauki rubutu daga wani ɗaki zuwa wani sai ka ƙara Ctrl, Shift da C, sannan Ctrl, Shift da V, yana liƙawa kuma allon tsakiyar ya goge. Wahala ce, kuma da gangan aka yi ta.

Inda yaron ya kama ni shi ne nan. Ya ce, "Kawu, in ka hana mutum tarihin kwafi, fayil zai buɗe ya zuba komai ciki. Ko ya tura wa kansa a WhatsApp." Wallahi gaskiyarsa. Ina ganin irin waɗannan fayiloli marasa suna a injinan da ake kawo mini, cike da lambobi da kalmomin sirri, wasu sun shekara a wurin. Jerin da ke mutuwa da kansa ya fi wannan sau goma. Amma wanda ya buɗe fayil ya san ya buɗe. Ya gan shi da idonsa, zai iya gogewa. Wanda aka kunna wa tarihi tun daga masana'anta bai ma san akwai shi ba, kuma a shagona na lura mutum ɗaya cikin masu yawa ne ke shiga saituna. Yadda abu ya zo, haka yake zama har injin ya mutu. Shi ya sa abin da aka zaɓa wa kowa dole a auna shi da wanda ya fi kowa rauni, ba da ɗalibin da ya san inda kowane maɓalli yake ba.

Abin da zan yarda da shi: manhajar ta kasance a kusa, a kashe. Mai so ya kunna, a gaya masa a layi ɗaya abin da zai faru. In ta kunnu, kada ta rubuta komai a faifai, ta zauna a ƙwaƙwalwar wucin gadi, yadda ko kuran aka ɗauke ta tafi da shi. Ta goge kanta in an kulle allo. Kowane abu kuma ya kasance da wa'adi.

A kan wa'adin ne har yanzu ba mu daidaita ba. Shi ya ce awa ɗaya, kamar yadda Gboard, manhajar rubutu ta Google a waya, ke yi da abin da ba ka maƙale ba. Ni na ce minti biyar, don a cikin awa ɗaya mutum huɗu sun zauna sun tashi a kujerar shagona. A injinan abokan ciniki biyu dai na bar manhajar a kashe, shi kuma ya sa tasa a kwamfutarsa ta hannu, wadda ko ni ba ya bari in taɓa.