Geron da aka dawo mani da shi

Yau Asabar ce, ranar rabo, kuma da farin ciki na fita, domin tun daren jiya Liman ya aiko mani cewa buhu huɗu na masara sun iso daga wani bawan Allah da ya roƙi kada a ambaci sunansa. Da su, abin da ke cikin shagon da muke kira rumbun unguwa ya kai buhu 11, tsakanin gero da masara da ɗan wake. A tsakiyar watan Agusta wannan ba ƙaramin arziki ba ne, tunda yanzu ne tsohon hatsi ya ƙare a gidaje, sabo kuma bai nuna ba. Yaya ya riƙe tiya, samarin masallaci suna ƙulla leda, ni kuma ina kan benci da littafin sunaye kamar yadda aka saba.

Gida 58 ne a littafin, kowanne da tiya biyu ta hatsi da rabin tiya ta wake, kuma kafin ƙarfe goma sha ɗaya mun kusa sallamar kowa.

Sai ga wata dattijuwa da ban taɓa gani ba, ta tsaya a gefe har layi ya ƙare, sannan ta matso ta gaishe ni. Ƙa'idarmu ita ce ba a rubuta suna sai mai unguwa ya shaida gidan da mutum yake, kuma mun kafa ta ne bayan da muka gano a farkon aikin cewa wasu suna karɓa sau biyu. Saboda haka na tambaye ta abin da nake tambayar kowa: "Inna, wane gida kike?" Ta ce, "Ɗana, a kangon nan na bayan makarantar firamare muke, ni da jikokina uku da wasu mutanen garinmu." Daga wani ƙauye na ƙasar Batsari suka taso, bayan 'yan bindiga sun hana su noma, sun kuma hana su barci. Na dubi Yaya, ya dube ni, ya auna mata tiya biyu ta gero daga kason da muke warewa domin baƙo. Ta yi addu'a mai tsawo, ta ɗauka ta tafi.

Ba ta kai bakin titi ba ta juyo, ta ajiye ledar a gabana a hankali, ta ce, "Ɗana, don girman Allah, ko za a musanya mani da garin kwaki, ko da rabin wannan ne?" Abin da ya fara zuwa zuciyata, kuma shi ne ya hana ni sukuni har yanzu, zargi ne. Na ɗauka raina kyautar ta yi, na kuma ce mata da muryar da ba ta dace da mai furfura ba, "Inna, ai gero ya fi gari amfani a jikin yara."

Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Na sani, ɗana. Da hannuna na shuka gero, na sussuka shi, na sheƙe shi. A gidan maigidana, Allah ya jiƙansa, ba a zuba hatsi a rumbu sai an fitar da zakka, dami ɗaya a cikin kowane goma. Amma gero yana son turmi, yana son kuɗin niƙa, yana son itace da tukunya. Murhunmu a fili yake, ruwan shekaranjiya ya jiƙe 'yan ƙiraren da yara suka tsinto. Gari kuwa ruwa kawai yake nema."

Na rasa abin da zan ce mata. Shekara biyu ke nan muna wannan aiki, muna bi gida-gida da kaka muna karɓar tiya-tiya, muna lissafin buhu da yawan bakuna, amma ban taɓa zama na yi tunanin cewa duk tsarinmu mai gida muka yi wa ba. Wanda muke da shi a rai yana da madafa, yana da inda zai ɓoye hatsi daga ruwa da ɓera, yana da maƙwabciyar da za ta ara masa turmi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin niƙa ya tashi, gawayi ma ya bi bayansa, kuma mun sha yin wannan ƙorafi a kan gidajenmu, amma ba mu taɓa haɗa shi da ledar da muke miƙa wa mutane ba. Ita kanta tambayar "wane gida kike" tana tankaɗe waɗanda suka fi kowa buƙata, wato mutanen Batsari da Jibiya da Safana da suke kwana a kangaye da barandun shaguna a cikin birnin nan na Katsina. Duk lokacin da na wuce ta Ƙofar Sauri na ga iyaye mata da goyo a cibiyar da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suke kula da yara masu tamowa, nakan yi masu addu'a in wuce, ban taɓa tambayar kaina a ina suke girki ba.

Ba mu da gari a rumbu. Na aiki yaro ya sayo mata kwano ɗaya da ƙuli-ƙuli, na mayar mata da geronta tare da kuɗin niƙa, na kuma nemi gafararta. Ta ce babu komai, kuma wannan ya fi mani zafi fiye da a ce ta yi mani faɗa.

Bayan la'asar mun yi musu da Yaya. Ni ina ganin mu riƙa niƙa wani kaso kafin ranar rabo, mu kuma buɗe shafi na dabam ga marasa muhalli, wanda shaidar Liman za ta wadatar a kansa. Shi kuma ya ce niƙaƙƙen gari ba ya jimawa da damina, kuma idan labari ya bazu cewa ba ma tambayar gida, buhu 11 ba za su kai Asabar biyu ba, alhali akwai zawarawa da marayun unguwa da muka riga muka ɗauki alkawarinsu. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ban ji daɗinta ba. Goggo, da take jin mu daga ɗaki, ta ce tana da babban turmi da tukunyar da ba ta amfani da su, kuma zaurenta ba ya yoyo, idan matan kangon suna so su riƙa zuwa su dafa. Mun bar maganar sai ranar Alhamis da kwamiti zai zauna.

Na rubuta sunan dattijuwar a shafin ƙarshe na littafin da fensir, a gurbin gida kuma na sa "kangon bayan firamare". Yanzu ƙarfe goma ta wuce, hadari ya haɗo daga gabas, kuma na manta ban tambaye ta ba ko ɗakin da suke kwana a ciki yana da rufi.