Noti huɗu da ke riƙe da akwatin bayan sukuta

Ɗaura akwati a kan kariyar bayan ƙaramin babur, irin wanda ake kira sukuta, yana cikin ayyukan da suka fi shigowa wurin sana'ata, kuma shi ne aikin da masu kawo shi suka fi rainawa. Mutum zai iso da akwatinsa sabo fil a cikin kwali, ya dire shi a gabana, ya ce ai noti huɗu ne kawai, ko zama ba zai yi ba. Gaskiyarsa ne cewa notin huɗu ne, sai dai ni da yarana ba daga noti muke farawa ba. Kafin a taɓa sifana, sai na tsuguna na leƙa ƙarƙashin kariyar, na bi duk inda aka yi mata walda da yatsa, na kama ta da hannu biyu na jijjiga, domin in ga ko ita ce ke motsi ko kuwa babur ɗin ne gaba ɗaya yake bin hannuna. Akwati yana zaune a kan faranti, faranti yana kan kariya, kariya kuma tana ɗaure a jikin ƙarfen babur, kuma a cikin waɗannan mahaɗai uku, wanda ya fi ba da kunya shi ne wanda ido ba ya kaiwa gare shi.

Wannan ɗabi'ar leƙe ba da ita na fara ba, wahala ce ta koya mini. A farkon buɗe wurin nan na ɗaura wa wani mai kai saƙonni akwati, na ɗaure notinsa tamau, ya tafi muna yi wa juna godiya. Bai yi wata guda ba ya dawo da akwatin a tsakanin ƙafafunsa, gefe guda a goge, kuma farantin da rabin kariyar suna manne da shi. Noti huɗun da na ɗaure ko ɗaya bai saki ba. Kariyar ce ta karye daidai bakin walda, inda wata tsohuwar tsagewa take ɓoye a ƙarƙashin fenti da tsatsa. Allah ya kiyaye babu wanda ke biye da shi a lokacin da akwatin ya faɗi. Na sake masa aikin ban karɓi komai ba, kuma tun daga ranar ban ƙara ɗora akwati a kan kariyar da ban bincika ba, ko da mai babur zai yi fushi ya tafi wani wuri.

Dalilin da ya sa bayan sukuta ya fi bukatar wannan kulawa yana cikin ƙirarsa. Tun daga Vespa, wanda kamfanin Piaggio na Italiya ya fara ƙerawa a 1946, har zuwa yawancin na yau, injin irin wannan babur yana can baya ne tare da taya, saboda haka nauyinsa ya riga ya karkata baya tun ba a ɗora masa komai ba. Tayoyinsa ƙanana ne, galibi daga inci 10 zuwa 14, kuma ƙaramar taya tana faɗawa rami sosai, ta aiko da dukan sama. Injin kuma mai silinda ɗaya ne a mafi yawansu, yana karkarwa tun daga tayarwa har zuwa kashewa. Ita kariya ta miƙe ne ta wuce saitin tayar baya, babu abin da ya tokare ta daga ƙasa, ta yadda duk kilo ɗaya da aka ɗora a ƙarshenta yana danna tushenta da ƙarfin da ya fi nauyinsa, kamar yadda dogon ƙarfe yake ɓamɓare abin da hannu ya kasa. Idan aka shiga gargada, kayan su yi sama su dawo, dukan ya ninka. Ƙarfe ba ya karyewa a rana ɗaya, gajiya yake yi sannu a hankali, kuma bakin walda da gefen rami ne wuraren da tsagewar take fara kamawa.

Shi ya sa abu na biyu da nake nema bayan lafiyar kariya shi ne iyakar nauyin da aka rubuta mata, a ɗan tambarin da ke manne a jikinta ko a littafin babur. Da yawa daga cikin kariyoyin ƙananan babura kilo 3 zuwa 5 aka yarje musu, kuma abin da mutane suke mantawa shi ne akwatin da farantinsa suna cikin lissafin. Akwati mai cin lita 30, wanda yake ɗaukar hular kwano guda, shi kansa yana kusan kilo 3 babu komai a cikinsa, mai lita 45 da ke ɗaukar huluna biyu kuwa ya fi haka. Kamfanin Givi na Italiya, wanda Giuseppe Visenzi, tsohon ɗan tseren babur, ya kafa a 1978, ya raba akwatunansa gida biyu: tsarin Monolock, wanda aka yi domin ƙananan babura, kilo 3 ne iyakar kayan da za a zuba masa, tsarin Monokey kuma yana kai kilo 10. Farantin wannan tsari ba ya karɓar akwatin wancan. Sau da yawa mutum kan zo da babban akwatin Monokey yana murna ya sami mai ɗaukar kilo 10, sai in nuna masa tambarin kariyarsa, in ce masa: “Ranka ya daɗe, akwatin zai iya, amma abin da zai zauna a kai ba zai iya ba.” A tsakanin lambobin biyu, ƙaramar ita ce doka.

Akwatunan da ake kawo mini iri biyu ne. Akwai mai faranti, wanda ake ɗaure farantin dindindin a kan kariya, akwatin kuma ya zura harsunansa a gaba, ya kama da makulli a baya, a cire shi duk lokacin da aka ga dama. Akwai kuma wanda ba shi da faranti, wanda dole a huda gindinsa a ɗaure shi kai tsaye. Na farkon na fi so, musamman idan an sami kariyar da aka ƙera domin wannan samfurin babur, wadda ramukanta suka yi daidai da na faranti, domin a nan aikin ba ya wuce ɗaure noti da lura. Amma mafi yawan abin da ke zuwa shi ne farantin gama-gari, mai ramuka da tsaga birjik, tare da wasu ƙarafa masu lanƙwasa da ake sawa a ƙarƙashin sandunan kariya, noti ya ratsa daga sama ya haɗe su, su rungume sandar.

A nan ne aikin yake cin lokaci. Ina ɗora farantin ba tare da noti ba, in tura shi gaba iyakar yadda zai yiwu, domin duk tazarar da aka rage tsakanin akwati da kujera sauƙi ce ga kariya da kuma tuƙi. Sannan in ɗora akwatin a kai, in buɗe kujerar babur har ƙarshe, saboda a sukuta ma'ajiyar kaya tana ƙarƙashin kujera, a wasu ma har da bakin tankin mai, kuma na sha ganin aikin da aka gama tsaf sai aka tarar kujerar ba ta buɗuwa sai an sauke akwati. Ina sa ɗaya daga cikin yaran ya zauna a baya domin a ga ko mai goyo zai sami wurin zama ba tare da an takure shi ba, in kuma koma baya in tsaya daga nesa in tabbatar akwatin bai rufe danja, ko sigina, ko lamba ba. Sai an daidaita waɗannan duka nake zaɓar ramuka huɗu, kuma ina zaɓar waɗanda suka fi nisa da juna, gaba da baya, hagu da dama. Noti huɗu da aka cunkushe a tsakiya bambancinsu da noti ɗaya kaɗan ne, domin akwatin zai riƙa rausaya a kansu har robar farantin ta tsage. Haka kuma kowane ƙarfen ƙasa dole ya kama sanda ta gaske, ba ɗan siririn ƙarfen ado ba, kuma ya zauna ta yadda farantin ba zai iya zamewa baya ba ko da notin ya ɗan saki.

Batun noti kuwa, ba na yarda da wanda aka tsinto a gwangwanin tarkace. Yawancin faranti suna amfani da mai kaurin milimita 6, wanda sifana mai lamba 10 take kamawa, ita kuma kariya a jikin babur takan zo da mai milimita 8. Ina neman wanda aka buga wa 8.8 a kansa, alamar ƙarfinsa, kuma tsawonsa ya zama ya fito bayan kan notin, wato wanda ake murɗa masa a ƙarshe, da aƙalla zagaye biyu na tiredi, zanen da ya nannaɗe jikin noti, amma kada ya yi tsawon da zai riƙa gogar robar jikin babur ko gilashin danja idan an hau gargada. A ƙasa ina sa kan noti mai zoben roba a ciki, wanda yake riƙe tiredi ko da ana karkarwa, kuma idan aka kwance shi sau ɗaya ko biyu sai in canza sabo, domin zoben yana saki. Inda notin yake shiga cikin ƙarfen babur kai tsaye, babu kan noti a baya, ina ɗiga masa gam ɗin tiredi mai launin shuɗi, irin Loctite 243. Jan ba na kusantarsa a wannan aiki, domin sai an gasa da wuta yake kwancewa, ga shi kuma roba ce ta kewaye wurin. Ko shuɗin ma ba na bari ya taɓa faranti, saboda yana iya sa wasu robobi su tsattsage. Washa mai tsaga da mutane suka yi imani da ita, a ganina, ba ta kai kan noti mai zobe ba ko kusa.

Ɗaurewar kanta da tsari ake yi. Ana sa duka huɗun sako-sako, a sake duba saiti, sannan a riƙa ɗaurewa kaɗan-kaɗan a gicciye, na gaba ta hagu sai na baya ta dama. Noti mai milimita 6 ƙarfin da yake bukata bai wuce kimanin 10 a Nm, ma'aunin ƙarfin murɗawa, ba idan ƙarfe ne a kan ƙarfe, kuma a kan roba ana tsayawa ƙasa da haka. Sabon yaro a wurin nan kullum yana zaton ƙarfin damtse shi ne gwaninta, sai ya murɗa har farantin ya lotsa, alhali faranti idan ya lanƙwashe, makullin akwati ba zai ƙara kamawa daidai ba.

Akwatin da ake hudawa ya fi son haƙuri. Ina liƙa tef a gindinsa, in ɗora shi a kan kariya, in yi alama daga ƙasa, in fara da ƙaramin bakin huda kafin babba, a hankali domin kada robar ta narke ko ta tsage. Kuskuren da ya fi kashe irin wannan akwati shi ne a bar kan noti shi kaɗai a kan roba, domin karkarwa za ta sa ya ci gefen ramin har wata rana ya ratsa ya fice. Saboda haka ina shimfiɗa faffaɗan ƙarfe a ciki, ko aƙalla manyan washa masu faɗi, nauyin ya bazu, in sa roba mai kauri tsakanin akwati da kariya, in kuma toshe bakin ramin domin kada ruwa ya shiga. Kan notin mai sulɓi shi ne a ciki, domin kada tsininsa ya yaga kaya ko ya karce hula.

Igiyar roba, waya, da madaurin roba mai haƙora, duk na gan su suna riƙe da akwati, kuma ba na karɓar aikin da za a ce in ƙara da su. Rana tana busar da su, gefen ƙarfe yana yanka su, kuma ba sa yin gargaɗi kafin su tsinke.

Idan an gama, ina danna akwatin har in ji ƙarar kamawar makulli, sannan in kama shi in ɗaga da ƙarfi. Idan aikin ya yi, bayan babur ɗin ne zai taso gaba ɗaya. Akwatin da yake ƙwanƙwasa a kan farantinsa, galibi ƙananan robobin da ke saman farantin ne suka cinye ko suka faɗi, kuma canza su ya fi a bar harsunan akwatin su yi ta cin juna. Daga nan in hau in zagaya, in saurari bayan, in kuma ji yadda kan babur yake. Kaya a can baya suna rage wa tayar gaba nauyi, iska kuma tana kama akwati daga gefe, shi ya sa wasu ke jin kan babur yana rawa idan sun ƙara gudu. Nakan gaya wa mai babur ya sa kaya masu nauyi, kamar sarƙar kulle da kayan gyara, a ƙarƙashin kujera, ya bar wa akwati hula da rigar ruwa da takardu, ya cusa tsumma ko soso domin kada kaya su riƙa gudu a ciki, ya duba iskar tayar baya bisa abin da littafin babur ya ce idan an yi lodi, idan kuma shokozobarsa tana da saiti a ƙara mata tauri kaɗan.

Kafin ya tafi ina ɗaukar alƙalamin fenti in ja ɗan layi daga kowane kan noti zuwa ƙarfen da yake zaune a kai, in nuna masa. Roba takan ɗan zauna bayan kwanakin farko, notin da aka ɗaure daidai sai ya sami sarari, saboda haka nake roƙon kowa ya dawo bayan mako guda a sake taɓa su da sifana, ba tare da ya biya komai ba. Masu kai saƙonni, waɗanda suke yini a kan hanya, su ne suka fi dawowa. Sauran kuwa, na san da yawansu ba zan sake ganinsu ba sai wani gyaran ya kawo su, shi ya sa nake sa mutum ya tsuguna tare da ni ya ga layukan huɗu da idonsa, in ce masa duk ranar da ya ga ɗaya ya goce daga ɗan'uwansa, ya sauke akwatin kafin ya hau titi.