Ɗanyen waken suya

Yau na sayo ɗanyen waken suya, wanda ake cirewa tun yana kore, kafin ya bushe a gona. Na tsinci masu cikakken kwanso kore shar, na bar waɗanda suka fara rawaya. Minti 5 kacal ya yi a tafasasshen ruwan gishiri. Ina matsa kwanson da haƙori sai ƙwayar ta fito sulɓ, ga ɗan zaƙi-zaƙi, babu gafin nan na busasshensa. Kwanson kam ba ya ciwuwa, duk gashi ne.

Ashe giram 100 na dafaffensa na ɗauke da furotin kusan giram 11. Ni da na ɗauka waken suya sai ya kwana a jiƙe.