Na Je Ɗebo wa Inna Ruwan Teku

Da zan bar Kano zuwa bikin 'yar Kawu a Akra, Inna ba ta ce in sayo mata atamfa ko goro ba. Wata tsohuwar gorar roba ta miƙo mini, ta ce in cika mata ita da ruwan teku. Na ce, "Inna, me za ki yi da shi?" Ta ce, "Kai dai ka kawo. Shekara arba'in Yaya yana ba ni labarinsa da baki."

Ni ma ɗin ban taɓa ganinsa ba. Ruwa mafi girma da na taɓa tsayawa a gabansa shi ne na madatsar Tiga.

Kawu a Nima yake zaune, unguwar da in ka rufe ido ka kasa kunne sai ka rantse a Fagge kake. Sai dai Hausarsu ta kama tata hanyar: mace ma "ya zo" ne, garin kuma tsofaffi Ankara suke ce masa. Da safe koko da ƙosai, da hantsi shinkafa da wake, wadda duk Gana ta karɓe ta ta raɗa mata waakye. Da aka watse biki Kawu ya haɗa ni da ɗansa, taubashina, ya ce ya kai ni in ga ruwa. Taubashi kuwa ba ya raga maka. Tun a mota ya fara shela wai yau baƙauyen Kano zai ga abin da ya fi randa.

Labadi muka fara zuwa, ranar Lahadi bayan azahar. Ana biyan kuɗin shiga. Tun kafin in gan shi na ji shi, wani gurnani mara yankewa kamar hadarin da ya haɗu ya ƙi zubarwa. Da muka ɓullo na tsaya cak. Hazon hunturu ya biyo ni har can, ya shafe iyakar ruwa da sama, sai abin ya zama kamar duniya ce ta ƙare a nan. A bayana kuwa kasuwa ce sosai: masu ganga, masu dawakin haya suna bin mutum da ciniki, masu tsire da suke kira chichinga, kowace rumfa da nata kiɗan tana ƙoƙarin danne na maƙwabciya. Ledoji kuma ruwan yana amayo su yana komawa da su. Wanda ya zo neman natsuwa ya ɓata kuɗin motarsa.

Na naɗe wando zuwa gwiwa na tsaya inda nake zaton ruwan ba zai wuce idon sawu ba. Igiyar farko ta lashi ƙafata ta koma. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne komawar ta fi zuwan ƙarfi: rairayin da ke ƙarƙashin dugadugaina ya riƙa zarewa kamar ana jan tabarma. Ta uku ta make ni a ƙirji na zauna daɓas, hulata ta yi gaba. Mai gadin ruwa ya busa mini usur, taubashina kuwa har da riƙe ciki. Hular ban ƙara ganinta ba.

Da la'asar ta yi na tuna karatun zaure, inda malam ya biya mana cewa ruwan teku mai tsarki ne, mushensa kuma halal. Shekara ashirin ina ɗauke da wannan hukunci ba inda zan yi aiki da shi. Na tsuguna na yi alwala da shi. Wajen kurkurar baki ne na gane akwai abin da malam bai faɗa ba.

Gorar Inna ban cika ta a nan ba. Ledojin sun hana ni.

Washegari muka hau mota a tashar Kaneshi muka nufi yamma. Zuwa Kef Kos bai fi kilomita 150 ba, amma cunkoson Kasowa kaɗai ya ci mana fiye da awa guda. Sunan garin ma namu ne, daga "kasuwa" aka samo shi. Bayan Mankesim hanya ta kusanci gaɓa, itatuwan kwakwa suka jeru, can kuma sai ka hango wani tsohon gini bisa tudu, yana kallon ruwa. Na Abandize, da na Anomabo. Irin waɗannan ganuwowi na Turawa sun haura talatin a gaɓar Gana, wani wurin ma tsakanin biyu bai wuce harbin igwa ba. Fotugal, Holan, Ingila, Danmak, Suwidin, har da Jamusawan Barandinbag, kowa ya kafa nasa, yana biyan sarakunan wurin kuɗin ƙasa yana hararar ɗan'uwansa. A Yamoransa muka sayi dokunun Fante, wanda ake naɗewa da ganyen ayaba, muka ci da soyayyen kifi da yajin shito.

Mutanen Kef Kos Oguaa suke kiran garinsu. Ginin da ya yi masa suna 'yan Suwidin ne suka fara kafa shi a 1653, Ingilishi suka ƙwace a 1664, nan kuma ya zama mazaunin gwamnansu har 1877 da aka mai da hedikwata Akra. Daga waje fari ne fes, igwogi a jere, iska tana kaɗawa. Sai mai yi mana jagora ya gangara da mu ƙasa.

Kurkukun maza ɗakuna ne na dutse da aka ce sukan ɗauki mutum kusan dubu a lokaci guda. Iska da haske ta wasu 'yan kafofi can sama suke shigowa. Ya kashe fitila na ɗan lokaci. Mu da ba mu kai ashirin ba, nan da nan gumi ya karyo mana. Da ya kunna sai ya nuna mana daɓen da muke takawa, ya ce ba daɓe ba ne. Bulo yana ƙasa, abin da ya rufe shi kuwa ƙazantar mutane ce, bayan gida da jini da amai, ta taru ta daskare. An kankare wani gefe don a ga bambanci. Na rasa inda zan ajiye ƙafata. Daidai saman wannan ɗaki kuma cocinsu yake.

Har zuwa nan, in faɗi gaskiya, kallon baƙo nake yi. A raina lamarin tsakanin Turawa ne da mutanen bakin ruwa, mu 'yan tudu ba mu ciki. Sai jagoran ya fara lissafa hanyoyin da ake koro bayi daga arewa, ya ambaci Salaga. Taubashina ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce, "Ka ji Gwanjarku."

Wannan karon ba wasa yake yi ba. Kakan kakanmu, ni da shi, bafataken goro ne. A gidanmu da alfahari ake ba da labarinsa: jakuna, kanwa, baƙin rini na Kano, watanni a hanya, a dawo da huhun goro. Salaga, da ke ƙasar Gwanja, ita ce matattarar wannan fatauci, kuma babbar kasuwar bayi ce. Ba a taɓa haɗa mini waɗannan maganganu biyu a zama ɗaya ba. Ba zan ɗora wa mutumin abin da ban gani ba, amma kasuwar da ya ci riba a cikinta ke nan. Tun da Tonawa, wato Ashanti, suka rinjayi Gwanja da Dagomba a ƙarni na 18, ana biyan su gandu da mutane, wasu a riƙe su a Kumasi, wasu a gangara da su kudu. A Asin Manso akwai rafin da ake musu wankan ƙarshe kafin a kai su gaban masu saye. Hausawan da su kansu aka sayar, galibinsu ta wajen Legas da Badagiri da Wida aka fitar da su, da yawa zuwa Bahiya ta Barazil, inda suka tayar wa iyayengijinsu da hankali tun daga 1807, shekarar da Ingila ta haramta wa jiragenta cinikin.

Ƙofar da ake fitar da bayi daga ginin ita ake kira ƙofar da ba a dawowa. Da aka buɗe ta haske ya kashe mini ido, sai ga hayaniyar rayuwa: kwalekwale masu fenti da tutoci, mata da kwanonin kifi a ka, yara suna buga ƙwallo a rairayi. Ta waje an rubuta mata wani suna, ƙofar dawowa, saboda jikokin waɗancan da ke zuwa daga Amurka da Jamaika. Obama ma ya zo a 2009. Wata mata a cikinmu ta fita ta sake shigowa har sau uku, ba ta ce wa kowa komai ba.

A Zangon da ke kusa da kasuwar Kotokuraba muka kwana, gidan wani abokin Kawu. Ranar Talata muka ƙarasa Elmina, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. Ashe mun zo ranar da ba a shiga teku. Al'adar masuntan wannan gaɓa ce, Talata ruwa yake hutawa. Don haka bakin tafkin Benya ya cika maƙil da jirage, ɗaruruwa, kowanne an sassaƙo gindinsa daga gungumen itacen wawa guda, masu su suna zaune a inuwa suna ɗinkin taru. Na zauna kusa da wani dattijo ina kallon yadda yake riƙe zaren da babban yatsan ƙafa, hannunsa yana zirga-zirga kamar na masaƙi. Taubashina ya yi mana tafinta. Kukansa biyu ne: man jirgi mai rangwame da ba ya zuwa kan kari, da manyan jiragen baƙi da ke kwashe har 'ya'yan kifi su daskarar su sayar a tsakiyar ruwa, harkar da suke kira saiko. Ya ce yanzu sai a kwana a ruwa a dawo da abin da bai biya kuɗin mai ba.

Ginin Elmina ya girmi na Kef Kos nesa ba kusa ba. Mutanen Fotugal sun iso wurin a 1471, suka gina shi a 1482, kuma zinariya ta kawo su, wadda a da ta hannun Wangarawa take bin hamada ta yi arewa. Abin da ya ba ni mamaki, a farko shigo da bayi suke yi daga wajen Binin suna musayar su da zinariya. Daga baya harkar ta juya. 'Yan Holan suka karɓe ginin a 1637, bayan sun hau da igwoginsu tudun da ke fuskantarsa, cocin Fotugal ɗin da ke tsakar gida kuma suka mai da shi wurin ciniki. An nuna mana barandar da gwamna yake tsayawa ya zaɓi mace daga tsakar kurkukun mata, da matakalar katako da ake hawa da ita zuwa ɗakinsa. A wannan gini aka tsare Sarkin Ashanti Firempe na Ɗaya a 1896, kafin a wuce da shi Saliyo, daga can Seshel.

Gaban ginin akwai wani fili fetal, na ɗauka filin ƙwallo ne. Tsohon garin Elmina ne. Holan ta miƙa wa Ingila wurin a 1872, mutanen gari da ke ƙawance da Ashanti suka ƙi, aka kama sarkinsu Kobina Gyan aka kai shi Saliyo, a watan Yunin 1873 kuma aka yi wa garin ruwan wuta, ba a sake gina shi a nan ba. A cikin mayaƙan Ingila na wannan yaƙi har da Hausawa, 'yan rundunar da Gulba (Glover), wani hafsan Ingila, ya kafa a Legas a 1863, yawancinsu bayi ne da suka tsere wa iyayengijinsu. Da su aka tafi yaƙin da ya ƙare da ƙone Kumasi a 1874. Wasu ba su koma ba, suka yi aure, suka ƙara wa zangunan kudu yawa. Akwai ma wasu 'yan arewa da Holan ta sayo daga Kumasi ta sa musu kakin soja ta kai su Jawa, can Indonesiya. Tsakanin 1831 da 1872 ta ɗebi 'yan Afirka wajen dubu uku, waɗanda suka dawo kuma aka ba su wata unguwa a kan tudu da har yau ake kiran ta da sunan Jawa. Na ce wa taubashina ashe ko ta ina aka juya muna ciki, a masu ciniki, a cikin kayan, a masu bindiga. Ya ce, "Ai shi ya sa Baba ba ya son zuwa nan."

Da yamma muka ɗauki tasi zuwa Birenu, 'yar tafiya kaɗan yamma da Elmina. Nan ne na ga bakin tekun da nake gani a kalanda: rairayi mai tsabta, kwakwa sun sunkuyo, ba kiɗa, ba doki. Wani yaro ya haye bishiya kamar ƙadangare ya jefo mana biyu, ya fasa da adda. Na cire agogo, na damƙa wa taubashina waya, na shiga a hankali, wannan karon a karkace, ƙafa ɗaya a baya. Sai da na bari igiya ta wuce, ruwan ya ɗan kwanta, sannan na nutsa gorar. Sau biyu ina zubarwa saboda yashi.

Na naɗe ta da leda uku na cusa a tsakiyar kaya. Da na isa gida Inna ta karɓa, ta ɗaga ta saitin taga ta daɗe tana dubawa, ta tambayi lafiyar Yayanta da ta amarya. Sannan ta ce ina hular da na tafi da ita. Gorar tana nan kan kwabarta, gefen jarkar zamzam, har yanzu ba ta buɗe ba.