Kafin ka sayi saba, fara ƙirga batir

Ɗakin gwaji na gida kwamfuta ce guda da aka ɗora wa manhajar da ke yanka ta gida-gida, kowane yanki ya zama kwamfuta mai cin gashin kanta, wadda 'yan harkar ke kira VM. A cikin akwati ɗaya sai ka tada Windows Server, ka tada Debian biyu (wani nau'in Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta), ka haɗa su, ka lalata, ka sake ginawa, ba ogan da zai kira ka ya tuhume ka. Ɗalibin kwalejin fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi ko na jami'ar Aliero da ke neman aikin kula da saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, a nan hannunsa zai faɗa.

Amma a Birnin Kebbi darasin farko na wuta ne. Masu bidiyo a Amurka suna nuna tsohuwar saba irin Dell R720, kuma a tokumbo ba ta da tsadar a zo a gani. Ko ba ta aikin komai tana shan wat 100 zuwa 150. Batirin tubula mai bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe wat 2,400 na awa guda, kuma rabi kawai ake so a zuƙa in ana son ya yi ƙarko, wato 1,200. Sabar za ta cinye wannan cikin awa takwas zuwa goma sha biyu, tun ba a ƙirga abin da inbata ke sha don kanta ba. Ƙaramar kwamfutar ofis kuwa, irin OptiPlex Micro ko ThinkCentre Tiny, a zaune wat 10 zuwa 15 take ci. Haɗa rauta, na'urar da ke raba intanet a gida, da asarar inbata, a ce wat 40, ka samu kusan awa talatin. Lissafin ke nan, sauran duk kwalliya ce.

Zafi ma yana da ta cewa. A Afrilu, lokacin da gari ke haura digiri 40, furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, na rage gudu da kanta don kar ta ƙone, kai kuma kana zargin manhaja. A ɗaga akwatin daga ƙasa, a nisanta shi da bangon da rana ke duka, a sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta, don na tokumbo galibi ya bushe. Da hunturu ya wuce a buɗe a hure ƙurar fanka.

Wajen saye, RAM, ma'ajiyar da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, ita ce ke fara ƙarewa, ba furosesa ba. Core i5 mai cibiya huɗu ya isa. Gigabait 16 na tada VM huɗu ko biyar na Linux, amma Windows Server ɗaya na son 4 kafin ya numfasa, don haka wanda ke da hali ya kai 32. Faifan SSD mai gigabait 512 a ciki, da wani faifai na waje don ajiya.

Manhajar da ta fi dacewa a fara da ita Proxmox VE ce, ta wani kamfanin Vienna, an gina ta kan Debian. Kafin girkawa a shiga BIOS, shafin saitin na'ura da ake buɗewa lokacin kunna ta, a kunna VT-x, saitin da ke ba furosesa damar tada VM, ko AMD-V in na'urar AMD ce, domin in yana kashe VM ba zai tashi ba. A nan kuma a saita cewa in wuta ta dawo na'ura ta kunna kanta. Bayan girkawa ana shiga ta burauza, a adireshin na'urar da ƙofa 8006. Sabuntawar farko za ta yi kuskure, kuma ba laifin data ba ne: rumbun sauke manhaja da aka saita tun asali na masu biyan kuɗi ne, sai an juya shi zuwa na kyauta. In an zaɓi ZFS, wani tsarin ajiye bayanai a faifai, a sa ido, domin tana kwasar RAM ta yi ma'ajiyar gaggawa, a ƙaramar na'ura sai an daddale mata iyaka. Ƙananan ayyuka kuma a sa su cikin kwantenar LXC, wadda ta fi VM sauƙin nauyi, megabait 512 na RAM ya ishe su.

Kuskuren da kusan kowa ke yi sau ɗaya shi ne tada sabar DHCP ta gwaji, mai raba wa na'urori adireshi, kan vmbr0, gadar sadarwa ta Proxmox wadda ke haɗe da rautar gida. Nan take wayoyin mutanen gida su fara karɓar adireshi daga gwajinka, intanet ya yanke, a yi ta zagin kamfanin waya. Maganin shi ne ƙirƙirar vmbr1 wadda ba a jona ta da kowace waya ba, duk wasan ya ƙare a can. Haka kuma hoton-lokaci, wato hoton yanayin VM da ake ɗauka kafin gwaji don a iya komawa gare shi, ba ajiya ba ne, a faifai ɗaya suke kwana da VM ɗin. Faifan ya mutu, sun tafi tare. A tsara vzdump, mai yin ajiya a Proxmox, ya riƙa kwafewa waje kowane mako, a kuma gwada dawo da ɗaya a gani ko yana tashi.

Sai batun labarai. Yawancin abin da ake yayatawa kullum bai shafi ɗakin gwaji ba, abin farauta shi ne canjin lasisi da ranar daina tallafi. Kamfanin Broadcom ya kammala sayen VMware, mai yin manhajar tada VM, a Nuwamban 2023, ya daina sayar da lasisin dindindin, a Fabrairun 2024 kuma ya janye ESXi na kyauta, takwaran Proxmox, da mutane da yawa suka koyi aiki a kansa. Ya dawo da shi a Afrilun 2025, amma kafin nan da dama sun yi ƙaura. Haka aka yi da CentOS 8, wani nau'in Linux: a Disamban 2020 aka sanar da cewa ƙarshen 2021 za a rufe shi, alhali 2029 aka yi alkawari, daga nan Rocky Linux da AlmaLinux suka fito. Wanda ya ajiye saitinsa a rubuce, ƙaura ta zo masa da sauƙi. Wanda ya haddace wurin danna maɓalli kawai, ya koma aji ɗaya.

Wani labarin ma riba yake kawowa. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance, in furosesar Intel ce, galibi sai ta zubi na takwas zuwa sama. Kwamfutocin ofis na zubi na shida da na bakwai da aka yi wa ritaya saboda haka, Proxmox bai damu da shekarunsu ba. In ka ga OptiPlex 7050 Micro a shago, buɗe ka tabbatar ramin RAM biyu ne, ka karɓi cajarsa ta asali, ka kuma canza ɗan batirin CR2032 tun a ranar, domin in ya mutu agogo ya kan koma baya, sabuntawa ta ƙi sauka saboda takardun tsaro.