Tallafin da ya wuce mu a Birnin Kebbi saboda takardu huɗu

Tara matasa masu rubuta manhaja a Birnin Kebbi bai ba mu wahala ba. Ɗaliban Jami'ar Tarayya, da na kwalejin Waziri Umaru, da na jami'ar Aliero, da waɗanda suka fito daga horon 3MTT, shirin gwamnatin tarayya na koyar da fasahar zamani, duk wurin haɗuwa suke nema. Muka buɗe zaure a WhatsApp, muka ari aji, muka tsayar da Asabar bayan Azahar don mata su samu zuwa su koma gida kafin Magariba. Karo-karon man janareta da data kuwa yana shiga asusun ma'ajinmu na kansa, kamar yadda ƙananan ƙungiyoyi suka saba.

Ana cikin haka wata ƙungiyar ba da tallafi ta amince ta saya mana sola da kwamfutoci. Sharaɗinta ɗaya ne: asusun banki da sunan ƙungiya, kafin wa'adin da ta ɗiba ya cika. Wa'adin ya cika ba mu da asusun, kuɗin suka tafi wani gari. Har yau abin yana ci mini rai, domin ba a aiki aka fi mu ba.

Takardun huɗu ne, kuma a jere suke zuwa, ba a tsallake ɗaya: rajistar CAC (hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi), lambar haraji ta TIN, shaidar SCUML (wani sashe na EFCC), sannan asusun banki. Wannan jerin ne ya kayar da mu.

Ƙungiyar da ba riba take nema ba, rajistar amintattu, wato mutanen da za su riƙe amanar ƙungiya a hukumance, ita ce ta dace da ita, a ƙarƙashin Sashe na F na dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020. Za a fara da neman amincewa da suna, a rubuta tsarin mulki, a haɗa da bayanin taron da aka zaɓi amintattu. Dole tsarin mulkin ya faɗi cewa dukiyar ƙungiya ba ta rabawa ba ce tsakanin mambobi, ko da an rushe ta. Daga nan a buga sanarwa a jaridu biyu masu fitowa kullum, aƙalla ɗaya ta ƙasa baki ɗaya, a jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi. Kwanakin nan doka ce ta sa su. Ba roƙo, ba sanayya da za ta rage su, kuma lissafinsu ba ya farawa sai sanarwa ta fito.

Zaɓen amintattu shi ne inda ya kamata a natsu. Al'adarmu ce a sa sunan babban mutum don albarka. Mu ma mun sa wani dattijo mazaunin Abuja, mutumin kirki, amma duk takardar da ke jiran sa hannunsa sai ta yi makonni. Cire amintacce kuma ba magana ce ta baki ba, sai an sake buga jarida an sake jira. A sa dattawa a kwamitin ba da shawara, a girmama su a can. Amintattu su zama mutum uku ko biyar da ke kwana a gari, waɗanda in an kira su da safe za su zo kafin La'asar.

Kafin a cike fom ko ɗaya, a zaunar da kowane amintacce ya fito da NIN da BVN ɗinsa a gwada su harafi da harafi. Ɗaya daga cikinmu Muhammad ne a wannan, Mohammed a waccan, sunan mahaifi kuma ya koma tsakiya. A teburin banki aka gano, bayan mun ɗauka an gama komai. Gyaran suna kaɗai ya cinye sauran kwanakin da muke taƙama da su.

SCUML sashe ne na EFCC mai sa ido kan halatta kuɗin haram, kuma bankuna na neman shaidarsa kafin su buɗe wa ƙungiya asusu. Ta intanet ake nema, amma sai da takardar CAC da TIN a hannu. In an zo buɗe asusun, a sa sharaɗin sa hannun mutum biyu kafin a cire ko sisi. Wannan kariya ce ga ma'aji kansa, don zargi ya fi sata saurin rusa ƙungiya.

Da muka farfaɗo sai muka lura mambobinmu na kan hanyar faɗa wa irin ramin. Masu manhajar haɗa manoman shinkafa na Argungu da Suru da 'yan kasuwa, yawancinsu rajistar sunan kasuwanci kawai suka yi don ta fi araha. Alhali dokar sababbin kamfanonin fasaha ta 2022, wadda NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, ke kula da aiwatar da ita, ba ta ba da shaidarta sai ga cikakken kamfani mai hannun jari da bai wuce shekara 10 da rajista ba. Yanzu duk wanda ya zo mana da manhaja, kafin ya kunna kwamfutarsa mukan tambaye shi wace rajista ya yi, mu kuma buƙaci ya kawo NIN da BVN ɗinsa Asabar mai zuwa a duba.